Yadda ake fara sana'ar tsaftace gidaje: amsa ga mai tambaya daga Kano

Wata 'yar'uwa daga Kano ta rubuto cewa ta ɗebi kuɗin adashi, kuma tana son ta kafa sana'ar tsaftace gidajen mutane a biya ta, sai dai tana shakkar ko za a samu kasuwa a garin da kusan kowane gida mai hali yake da 'yar aiki. Ta tambayi kayan da za ta fara saya, da yadda ake yanke farashi, da kuma ko sai ta yi rajista kafin ta soma.

Malama, shakkar da kika kawo ita ce wurin da ya kamata a fara, domin amsarta ce za ta nuna miki irin aikin da za ki nema. Idan kika shiga da niyyar yin shara da wanke-wanken yau da kullum, to kin shiga gasa da 'yar aikin da take kwana a gidan ana biyanta kuɗi kaɗan a wata, kuma ba za ki ci wannan gasar ba. Kasuwarki tana wurin aikin da 'yar aiki ba ta iya yi, ko ba ta da ƙarfi da kayan yinsa: kwalemar gida gaba ɗaya kafin Sallah ko kafin azumi, wanke sabon gida bayan magina da masu fenti sun tashi, gyara gidan da za a kai amarya kafin 'yan jere su iso, tsaftace gidan haya tsakanin fitar wani da shigar wani, da buɗe gidan da masu shi suka daɗe a Abuja ko a ƙasar waje. Bayan waɗannan akwai gidajen da mata da miji duk suke fita aiki, waɗanda ba sa son ajiye 'yar aiki mai kwana amma suna son a zo musu sau ɗaya ko biyu a mako. Irin waɗannan gidaje ba su da yawa a farko, amma su ne suke riƙe sana'a idan kakar bukukuwa ta wuce, kuma za ki fi samunsu a unguwanni irin Nasarawa da Bompai da Hotoro da Rijiyar Zaki da sababbin rukunan gidajen da ake ta ginawa a gefen gari.

Yanayin ƙasarmu ma yana aiki a madadinki. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga Hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, kuma ƙura ce mai laushi da take ratsa raga da labule ta kwanta a kan fanka da saman kabad da cikin kujeru. Da damina kuma sai laka da danshi da baƙin funfuna a banɗakuna. Mai gida da aka goge masa yau zai sake bukatarki ba da daɗewa ba, in dai aikin farko ya gamsar da shi.

To amma abin da nake so ki riƙe fiye da komai shi ne cewa a wannan sana'ar ba shara kaɗai ake biya ba. Mutum zai buɗe miki ɗakin kwanansa, inda gwal ɗin matarsa yake da takardun filinsa da sirrin iyalinsa, ya bar ki da mutanen da bai taɓa gani ba. Amana ita ce ainihin jarin, kuma ita ce abin da ya fi wuyar tarawa, ya fi saurin zubewa. Zobe ɗaya da ya ɓace a gida ɗaya, ko da daga baya an gan shi a ƙarƙashin katifa, ya isa ya rufe miki ƙofofin dangi guda da ƙawayensu, domin a Kano labarin irin wannan yana yawo a gidan biki da zauren WhatsApp kafin ki samu damar kare kanki. Saboda haka ɗaukar ma'aikata ya fi sayen kaya muhimmanci, kuma a nan ne nake ba ki shawarar ki yi jinkiri.

Kada ki ɗauki wadda ba ki san gidansu ba. Ki je da ƙafarki ki ga inda take zaune, ki karɓi lambarta ta katin ɗan ƙasa da hotonta, sannan ta kawo mai tsaya mata, wanda yake da sana'a ko matsayi a unguwa, ya sa hannu a takarda. Idan mai unguwa ya san da maganar ya fi. Ki fara da mutum biyu ko uku, kuma a watannin farko ki kasance tare da su a kowane aiki, hannunki a cikin bokiti, domin ta haka ne kaɗai za ki san tsawon lokacin da banɗaki mai kanta yake ci, da wadda take aiki da zuciya ɗaya, da wadda take gogewa inda ido yake gani kawai. Ki kafa dokoki tun ranar farko, kada ki bari sai abu ya faru: ba a buɗe durowa ko kabad sai mai gida ta ce a buɗe, ba a shiga da babbar jaka, ba a ɗaukar hoto da waya, ba a roƙon kaya ko kwance, kuma abin da aka gani a gidan mutane a nan ake barinsa. Duk kuɗi ko sarƙa da aka tsinta a ajiye a fili a kira mai gida ta gani nan take. Ke kuma, kafin a fara aiki, ki roƙi mai gida da ladabi ta kulle kuɗinta da gwal ɗinta, ki bayyana mata cewa wannan kariya ce gare ta da kuma ga ma'aikatanki. Wasu za su ce ai ba komai, sun yarda da ke. Ki dage duk da haka.

Akwai kuma abin da ya shafi al'adarmu wanda duk mai yin wannan sana'a a Arewa dole ya lissafa. Gidajen matan aure da yawa ba a shigarsu, don haka tawagar da za ta yi cikin gida mata ce, maza kuma a bar musu harabar gida da tagogin waje da tankin ruwa da hawa tsani, ko sabon ginin da ba a tare ba. Kasancewarki mace a nan riba ce, domin za ki shiga inda kamfanin maza ba zai shiga ba. Ki kuma koya wa ma'aikatanki bambancin tsafta da tsarki. Tsumman da ya shiga bayi ba ya kusantar inda ake sallah, Alƙur'ani da littattafan addini ba a sauke su ƙasa don za a goge kanta, kuma inda najasa ta taɓa, kamar fitsarin yaro a tayil, bayan sabulu sai an bi da ruwa tsantsa, domin a mazhabar Malikiyya da ruwan da bai sauya ba ake kawar da hukuncin najasa. Matar gida da ta ga kin kula da wannan ba tare da ta faɗa ba za ta sake kiranki. Hanya mafi sauƙi ta hana cakuɗa tsummoki ita ce ta launi, kamar yadda ake yi a asibitoci da otal-otal: ja na bayi, kore na kicin, shuɗi na falo da ɗakuna, kuma kowane launi da bokitinsa.

Game da shekarun ma'aikata, kada ki ɗauki yara, komai arhar da dillaliya ta nuna miki. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, ta mai da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi, kuma ko babu doka, aikin da ake yi da sinadarai da hawa tsani ba na yara ba ne. Ki nemi manya, musamman zawarawa da matan da suke riƙe da marayu, waɗanda suke neman halali kuma suna da abin da za su kare. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne a wata, kuma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma ya kamata ya zama ma'aunin da kike duba kanki da shi. A farko biyan kuɗin yini ko na jinga ya fi dacewa da ke, tunda aikin ba kullum ba ne, da sharaɗin a biya a ranar, ko mai gida ya biya ki ko bai biya ba. Ma'aikaciyar da aka riƙe wa haƙƙinta ita ce wadda zuciyarta take fara raya mata abin da bai kamata ba a ɗakin mutane, kuma ita ce wadda gobe za ta koma wa mai gidan ta bayan fage ta ce za ta yi masa aikin a rabin kuɗi.

Kayan aiki kuwa ba sa bukatar dogon bayani. Tsintsiya ta laushi da ta kwakwa, mofa da bokitai, buroshi mai dogon hannu da ƙarami, tsummoki masu kama ƙura, abin jan ruwa na gilashi da na ƙasa, sandar cire yana, tsani mai ƙafa biyu, safar hannu ta roba, takunkumi da takalmin roba sun isa a fara, kuma duk za ki same su a kasuwar Sabon Gari, sabulai da garin wanki kuma ki saya a kan sari a Singa. Na'ura ɗaya da nake ganin ta cancanci kuɗinta tun farko ita ce injin zuƙar ƙura mai iya zuƙar ruwa, saboda kafet da kujeru. Injin wanke kujeru da injin goge daɓe da janareta ki bar su sai aiki ya nema, kuma ko a lokacin ana iya hayarsu a saka kuɗin a cikin farashi. Da yawa daga masu farawa suna zuba jarinsu gaba ɗaya a injuna da riguna masu tambari da hayar ofis, sannan aiki ya zo babu kuɗin mota. Ki bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinki a hannu don sufuri da biyan ma'aikata.

Inda nake so ki zauna ki koya sosai shi ne sinadarai, domin a nan ake asarar dukiya, wani lokaci har da rai. Ruwan bilic irin su Hypo da Jik ba a haɗa shi da maganin wanke masai irin Harpic, saboda na biyun yana da asid, kuma haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, balle a banɗaki mai ƙaramar taga. Haka nan ba a haɗa bilic da duk abin da yake da amoniya. Wannan kuskure ya zama ruwan dare, domin mutane suna ganin idan aka gauraya magunguna biyu ƙarfinsu zai ninka. Ki hana shi da kakkausar murya, ki kuma hana zuba sinadari a gorar ruwan sha ko ta lemo, saboda yaran gida. Bilic ɗin da ake sayarwa a shaguna yawanci ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, kamar yadda ake rubutawa a jikin gorar. Don kashe ƙwayoyin cuta a daɓe da hannun ƙofa, kimanin mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa ya wadatar, idan kuwa jini ne ko amai sai a yi awo ɗaya na bilic da awo shida na ruwa. A fara wanke wurin da sabulu, domin dauɗa tana kashe ƙarfin bilic, a haɗa shi da ruwan sanyi, kuma a haɗa na ranar kawai. Idan aka tarar da kashin ɓera a sito ko kicin, kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A jiƙa shi da wannan ruwan tukuna a kwashe da safar hannu, saboda zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma ya fi tsananta a lokacin rani.

Sai sanin abin da kowane daɓe yake ɗauka. Mabul da tarazo asid yana cinye su, ko da ruwan khal ne ko lemon tsami, ya bar tabo fari mara sheƙi wanda ba ya gyaruwa sai an kawo injin gurzawa. Silin na POP ba ya son ruwa, da busasshen tsumma ko buroshi mai laushi ake binsa. Famfuna da kan shawa masu ƙyalli soson ƙarfe yana karce su, asid mai ƙarfi kuma yana baƙanta su. Kujerar fata ba a sa mata bilic, allon talabijin ba a fesa masa komai kai tsaye. A sabon gini za ki tarar da siminti da fenti sun bushe a kan tayil, kuma za a ba ki shawarar ki zuba asid ɗin da ake sayarwa a jarka. Ki fara da kankarewa da ruwa da haƙuri, idan ya zama dole sai a tsarma shi sosai, a gwada a lungun da ba a gani, a buɗe tagogi, a kuma nisanta shi da ƙofofin ƙarfe da famfuna. Ƙa'idar aiki kuwa daga sama ake farowa zuwa ƙasa, daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa, busasshen aiki kafin jiƙaƙƙe. Wanda ya sa ruwa a kan ƙurar hunturu kafin ya kwashe ta, laka ya kwaɓa.

Farashi shi ne inda masu farawa suka fi cutar da kansu. Kada ki taɓa yanke kuɗi ta waya. Gida mai ɗaki uku da ake zaune a ciki ana kula da shi daban yake da gida mai ɗaki uku da 'yan haya suka bari da maiƙo a bangon kicin, don haka ki je ki gani, ko a turo miki bidiyon kowane ɗaki da banɗaki. Ki tambayi ko akwai ruwa da wuta, domin idan babu, kuɗin 'yan garuwa da man janareta a kanki za su faɗa in ba ki faɗa tun farko ba. Ga misali don ki ga yadda lissafin yake, ba don ki ɗauki alƙaluman a matsayin farashin kasuwa ba. A ce ma'aikata huɗu za su yi yini guda, kowacce naira 8,000, ya zama 32,000. Adaidaita Sahu zuwa da dawowa da kaya 10,000. Sabulu da magunguna 7,000. Ruwa da mai 6,000. Abincin rana 5,000. Jimla 60,000 ke nan, kuma ba a sa lalacewar kayan aiki ba, ba a sa katin waya da zuwan da kika yi duba gidan ba, ba a sa ladan wahalarki ba. Wadda ta karɓi wannan aiki a 70,000 tana murnar ta ci ribar 10,000, a gaskiya kyauta ta yi aikin, kuma ranar da aka fasa gilashin tebur daga aljihunta za ta biya. Ki fitar da kuɗin da za ki kashe tukuna, ki ɗora ladanki a matsayin ma'aikaciya, sannan ki ɗora ribar sana'a da ɗan abin da za ki ware don ɓarna. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 sufuri ya zama babban kaso na kowane aiki, shi ya sa ya fi miki ki tattara abokan cinikinki a unguwanni biyu ko uku maƙwabtan juna maimakon ki riƙa tsallaka gari daga Kabuga zuwa Hotoro a yini ɗaya.

Bayan an daidaita, ki rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai ki tura ta WhatsApp: ɗakuna nawa, da labule ko babu, da cikin firji ko babu, da harabar gida ko babu, ranar zuwa da kuɗi. Dalili shi ne idan kuka iso za a ce tunda kun zo ku ɗan haɗa da wankin nan da ɗakin maigadi, kuma kunya za ta hana ki magana. Rubutun shi zai yi magana a madadinki, ki ce da fara'a, Hajiya, wannan ba ya cikin lissafinmu amma ga abin da zai ƙaru. Ki karɓi kafin alƙalami, rabi ko fiye, sauran kuma a biya kafin ku bar gidan, bayan kin zaga da mai gida ɗaki ɗaki ta duba. Bashi a wannan sana'ar yana da wuyar karɓa, domin ba kaya ba ne da za ki ɗauke abinki, kuma bayan kwana uku ƙura ta dawo an manta da wahalar da aka sha. Idan aka yi ɓarna, ki riga mai gida faɗa, ki biya ko ki gyara. Wajen tsara ranaku ki tuna da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano, da ake taƙaita zirga-zirga da safe, da kuma Juma'a da yini yake gajarta.

Rajista ba ta hana ki gwada aiki a gidajen 'yan'uwa da ƙawaye, amma da zarar kin ga abin zai ɗore ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, rajistar da ake yi ta intanet kuma ta fi rajistar cikakken kamfani sauƙi da arha. Da takardar za ki samu lambar haraji ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar, kuma wannan yana raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane, yana kuma ƙara miki kwarjini wurin masu kula da rukunan gidaje. Idan kika kai ga ɗaukar ma'aikata na dindindin, dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta tanadi mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Sharar da kuka kwaso kuma a kai ta inda hukumar kwashe shara ta Kano, REMASAB, ta tanada, kada a juye ta a kwata ko kangon maƙwabta da sunan sana'arki a jikin riga.

Neman kasuwa ba ya bukatar allon talla. Ki yi gidaje biyu ko uku na mutanen da suke da jama'a, ki yi su da kyau ƙwarai, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton kafin aiki da bayansa, kuma kada hoton ya nuna fuskar kowa ko abin da za a gane gidan da shi. Sannan ki ƙulla hulɗa da waɗanda suke riga ki sanin inda aiki yake: dillalan gidaje, masu fenti, masu sa tayil, masu ɗinka labule da masu yi wa amare jere, ki ware musu ɗan la'ada a kan duk aikin da suka kawo.

Za a riƙa tambayarki ko kuna feshin maganin sauro da kyankyaso, kuma kuɗinsa zai ba ki sha'awa. Ki bar shi tukuna. Feshi fanni ne daban da yake ƙarƙashin kulawar majalisar lafiyar muhalli ta ƙasa, EHCON, kuma yana bukatar horo. Magungunan gona irin su Sniper, wanda NAFDAC ta taƙaita sayar da shi tun 2019, da ƙwayoyin da ake sa wa hatsi a rumbu, ba na ɗakin kwana ba ne, kuma sun sha hallaka mutane a cikin barcinsu. Idan abokin ciniki ya nema, ki haɗa shi da mai lasisi, shi ya yi feshinsa, ku kuma ku shiga bayan an buɗe gidan ya sha iska na tsawon lokacin da mai feshin ya ƙayyade.